Martani: Bayan Gari Ba Filin Koyon Shan Kwana Ba Ne

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan yadda matashi zai ƙware a shan kwana da babur, kuma kafin in ce komai sai na ba shi haƙƙinsa. Ya yi gaskiya da ya ce kwantar da babur a kwana ilimi ne mai ƙa'ida, ba aikin 'yan ƙwaya ba. Ya kuma yi gaskiya da ya ce faɗa da tsinuwa ba su taɓa sauke yaro daga kan mashin ba. Shekara da shekaru muna yi, ga su nan har gobe suna goga salansa a kwalta wajen rakiyar amarya. Har nan muna tare. Inda muka raba gari shi ne wurin da ya tura su.

Shawararsa a taƙaice ita ce a nemi sabon titi a bayan gari, a fita bayan sallar asuba ranar da babu aiki, a tsayar da aboki a bakin kwana yana ɗaga hannu in hanya ta yi sarari, a yi ta maimaita kwanar ana ƙara wuta har gwiwa ta taɓa ƙasa. Hujjarsa kuwa, filin tsere na masu hannu da shuni ne kuma ba mu da shi, sannan 'yan acaɓa a titi suka koya ba a aji ba. Malam, na san alheri ka nufa, amma wannan shawara tana iya kai ɗan wani kushewa.

Mu fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashin mahayi. Duk nauyin babur da na mutumin da ke kansa a wuri biyu ya sauka, inda tayoyi suka taɓa ƙasa, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba. Wannan ɗan wurin shi ke ɗaukar birki, shi ke ɗaukar totur, shi ke hana babur sullewa waje in an kwantar da shi, kuma riƙonsa yana da iyaka. Abin da kwana ta cinye, birki ba zai samu ba. Lissafin kuma ba ya bin zaton ido: in gudu ya ninka biyu, riƙon da ake nema wajen taya huɗu yake ninkawa. Ɗauki kwana irin ta babban shataletale, wadda daga tsakiyarsa zuwa inda kake bi mita 30 ne. A gudun kilomita 40 cikin awa, babur zai kwanta wajen digiri 23. A kilomita 60 sai ya kwanta wajen digiri 43, wato tayar titi ta gama-gari tana dab da ba da duk abin da take da shi, ko da kwaltar busasshiya ce tas. Kilomita 20 kacal aka ƙara, kuma a kan mashin ba a jin su kamar wani abu.

To, ma'anar a riƙa ƙara wuta har gwiwa ta taɓa ita ce a je neman iyakar taya. Ita kuwa wannan iyaka ba ta da allo. Sai an ƙetare ta ake sanin inda take. Wanda duk ya je nemanta zai faɗi. Ba baki na yi wa kowa ba. Marc Márquez ɗan ƙasar Sifaniya ya faɗi sau 27 a kakar tseren MotoGP ta 2017, kuma shi ne ya zama zakaran duniya a wannan shekarar. In wanda wannan ce sana'arsa tun yana ƙaramin yaro yana shan ƙasa haka, ina ga wanda ya sayi babur bara? Saboda haka tambayar da ta kamaci mai ba da shawara ba ta yadda za a kauce wa faɗuwa ba ce. Tambayar ita ce, in yaron ya faɗi yana ja a ƙasa, da me zai yi karo?

A filin tsere an riga an amsa ta tun kafin a zuba kwalta. Bayan kowace kwana akwai fili mai faɗi da aka shimfiɗa wa tsakuwa don ta shanye gudun wanda ya zame, bayansa kuma shingen taya ko katifar iska. Kowa fuska ɗaya ya nufa. Faɗin hanyar kan kai mita 12 ko fiye, duk na mai tsere ne. Akwai masu tuta a kowane lungu, har da tutar da ke cewa mai ya zube a gaba. Ga motar asibiti da likita suna jira. A titin da Malam ya zaɓa fa? Hannunka wajen mita uku da rabi ne kawai. Tun 1972 dama muke bi a Najeriya, a Nijar ma dama ake bi, don haka in taya ta sulle a kwanar dama, cikin hannun masu tahowa za ka ja, gaban duk abin da Allah ya kawo. In a kwanar hagu ce, gefen titi za ka yi, inda bakin kwalbati da falwaya da gindin darbejiya ke tsaye. Kai ko ba ka faɗi ba, wanda ya kwanta a kwanar hagu kusa da layin tsakiya, tayarsa tana hannunsa amma kansa yana hannun tirela.

Ga yadda abin kan faru. Yaro ya sha kwanar lafiya, ya sake sha, zuciya ta yi ƙarfi, abokai na tafi. Ya dawo da gudun da ya ɗara na ɗazu. Yana tsakiyarta sai idonsa ya faɗa kan wani siririn yashi da iska ta sharo kan kwalta, ko ɗigon gas daga tankar da ta wuce cikin dare, daidai inda tayarsa ta dosa don wannan karon ya ɗan buɗe. Gabansa ya faɗi. Hannunsa ya sake totur da kansa, kafaɗunsa suka sandare, yatsunsa suka cafki birkin gaba, idonsa kuma ya kafe a kan kwalbatin da yake tsoro. Babur inda ido ya kalla nan yake zuwa. Birkin da aka cafka a kwance ko dai ya miƙar da babur ya buɗe waje, ko ya kwashe tayar gaba. Mafi muni, in tayar baya ce ta zame sannan ta sake kama ƙasa kwatsam, sai ta cilla mahayi sama, mashin ya biyo shi. Duk wannan bai fi daƙiƙa biyu ba. Keith Code, wanda ya kafa makarantar California Superbike School a Amurka a 1980, a kan waɗannan kurakuran firgici ya gina akasarin koyarwarsa, domin ba wayo ne ke kawar da su ba, maimaici ne, kuma maimaicin a inda kuskure ba ya kisa.

Shi kuma abokin da aka tsayar yana ɗaga hannu, me zai gani? Mota zai gani. Ba zai ga yashi ba, ba zai ga mai ba. Ba zai ga akuyar da za ta ɓullo daga cikin dawa ba, ko manomin da zai fito da amalanke daga hanyar gona, ko dattijon da ke dawowa daga masallaci a kan keke. A gudun kilomita 100 babur yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin abokin ya sauke hannu an wuce wurin. Lokacin da aka zaɓa ma shi ne mafi sharri: taya ta kwana a sanyi, kwalta ta yi sanyi, da damina ga raɓa, da hunturu ga hazo. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, a duk tsawon rubutun ban ga inda aka tuna da wannan dattijo ba. Mahayi shi ya zaɓi ya sayar da ransa, kuma wannan ma ba daidai ba ne, amma mai keke ba a yi shawara da shi ba.

Sai batun gwiwa, wadda Malam ya mayar shaidar kammala karatu. Nan ne ya karanta abin a baibai. Salon saukowa daga sirdi a rataye jiki ta cikin kwana, Jarno Saarinen ɗan ƙasar Finland na cikin waɗanda suka fito da shi a farkon shekarun 1970, sannan Kenny Roberts Ba'amurke, zakaran duniya a 1978 da 1979 da 1980, ya yaɗa shi. Har salatif yake naɗawa a gwiwar rigarsa don goguwa. Dalilin salon kuwa shi ne a rage kwanciyar babur, ba a ƙara ta ba. In nauyin jiki ya koma ciki, babur kan sha wannan kwanar a wannan gudun yana ɗan miƙe, a bar wa taya rara. Gwiwar kuma ma'auni ce da mai tsere ke jin nisan ƙasa da ita. Tana taɓawa ne don gudu ya kai, ba a zuwa nemanta. Wanda ya sa taɓa gwiwa a gaba sai ka gan shi yana tura babur ƙarƙashinsa yana miƙa ƙafa kamar mai neman takalmi, ya ƙara haɗari bai ƙara ko taku ɗaya na gwaninta ba.

A kuma tuna da irin abin da yaranmu ke hawa. Wanda suke kallo a waya yana kwanciya fiye da digiri 60, yana kan taya ce mara zane da aka yi don tsere kawai, wadda aka lulluɓe da bargon lantarki ta ɗauki zafi sama da digiri 80 kafin a fito da ita. Boxer da Jincheng da 'yan'uwansu an ƙera su ne don ɗaukar mutum da buhu. Tun kafin gwiwa ta kusanci ƙasa matakin ƙafa ko jak ko salansa zai riga ta, kuma ƙarfen da ba ya naɗewa in ya daki kwalta ɗaga taya yake yi. Balle tayar da ta sha faci uku, mai faci kuma ya auna iskarta da babban yatsa.

In har yanzu ana ganin rashin motoci ya isa ya mayar da titi filin tsere, a dubi tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland. Tun 1907 ake tseren babur a can. Titunan gari ne ake rufewa ruf, kewayen ya kai kilomita 60, babu mota, babu dabba, ga masu tuta, ga jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar wanda ya ji rauni, masu tseren kuma ƙwararru ne da suka haddace kowace kwana. Duk da haka sama da mahaya 250 sun mutu a wannan hanya. Me ke kashe su? Katanga da bishiya da turakun gefen titi. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti a 1972, Giacomo Agostini, wanda ya ci tseren sau 10, ya ce ba zai sake komawa ba, wasu manya suka bi shi, kuma bayan 1976 aka cire tsibirin daga gasar duniya. Wannan titin da aka rufe ke nan. Namu na bayan gari ko rufe shi ba a yi ba.

Hujjar 'yan acaɓa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Waɗanda Malam ya gani suna kurɗawa a kasuwa su ne suka rage. Sauran, wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san inda wasunsu suke. Gwanintarsu kuma ta kurɗa-kurɗa ce a ƙaramin gudu, ba ta kwanciya a babban gudu ba. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900, ya gano kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya shafa da kansu suka koya ko wajen 'yan'uwa da abokai. Ya kuma gano cewa a haɗurran da babu wata mota a ciki, kusan biyu cikin uku kuskuren mahayi ne, yawanci cafkar birki ko buɗewa a kwana. Da yawansu ba su ma san yadda ake kauda babur da gaggawa ba, wato cewa in za ka dama, hannun dama kake turawa gaba, babur ya faɗa dama. Kowa yana yin haka ba da saninsa ba, amma ranar firgici sai wanda ya sani da gangan ke iya yi. Titi dai malami ne, ban musa ba, sai dai jarrabawa yake fara yi kafin darasi.

Saura hujja mafi ƙarfi, wadda ita ce ta cancanci a zauna a kanta: ba mu da fili. Gaskiya ne. Kyalami da Zwartkops da Killarney suna Afirka ta Kudu, kuma ba banza ba ƙasar ta fitar da Brad Binder, zakaran ajin Moto3 a 2016. Yaron Kurna ko na Zinder ba zai je can ba. Amma kuskure ne a ɗauka cewa in babu Kyalami to sai titi. Zakarun da kansu ba a manyan filaye suka fara ba. Kenny Roberts a tseren turɓaya ya taso, kuma daga baya a gonarsa ta Kalifoniya da ƙananan babura masu inji 100 yake horar da manyan 'yan tsere, suna zamewa a ƙasa suna tashi. Valentino Rossi da 'yan mitsi-mitsin babura ya fara yana yaro, kuma da ya yi kuɗi abin da ya gina a garinsu Tavullia filin turɓaya ne, nan yake horar da matasan Italiya. A Japan akwai gasar da ake yi a filin ajiye motoci, a jera 'yan robobi a riƙa zagaye su. A nan za ka ga an kwantar da babur har mataki na goga ƙasa, a gudun da bai fi na unguwa ba. Ƙaramin inji, ƙaramin gudu, fili a killace. Cikin ukun nan wanne ne ba mu da shi?

Dalilin da ya sa wannan hanya ke aiki shi ne, abin da ake koya a kwana ba gudu ba ne. Ido ake koya wa ya kalli mafita ba abin tsoro ba. Hannu ake koya wa ya murɗa totur a hankali ba tare da fizga ba, ya matse birki sannu ya sake shi sannu. Kafaɗa ake koya wa ta saki. Duk waɗannan ana samun su a da'ira mai faɗin mita 20, da zagayen lamba takwas tsakanin robobi biyu, da gwajin tsayawar gaggawa a miƙe. A turɓaya kuwa taya kan zame da wuri, sai jiki ya saba da zamewa ya daina ɗaukarta ƙarshen duniya. Wanda ya faɗi a kilomita 30 zai tashi yana kakkaɓe wando. A kilomita 90 ƙarfin bugun ya ninka tara.

Mu da muka gaji doki bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ba a taɓa hana saurayi sukuwa ba, amma fili aka ware mata, kuma wanda ya saki linzami a tsakiyar kasuwa ba a ce masa gwani.

Sai dai fili ma yana da sharaɗi, kada a ce na ce a afka wa filin ƙwallon makaranta. A nemi izinin mai wuri, ko filin ajiye motocin filin wasa ne, ko harabar masana'antar da ta daina aiki, ko gona bayan girbi. A share shi, a tabbatar babu turke ko rami ko katanga kusa. A bi fuska ɗaya, mutum ɗaya a lokaci guda har sai an saba. 'Yan kallo su tsaya nesa, kuma kada su tsaya ta wajen kwana, don nan babur ke nufa in ya kuɓuce. A ajiye mota a shirye da wanda ya san taimakon gaggawa. Sannan kayan kariya: hular kwano mai rufe haɓa wadda aka ɗaure, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, riga da wando masu kauri da kariyar gwiwa da baya. Na ja layi a nan ne don mun san halinmu. A 2009 da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, har ƙwarya wasu suka kifa a ka. Rubutun Malam, mai koya wa yaro goga gwiwa a kwalta, ko sau ɗaya bai ambaci abin da za a sa a gwiwar ba.

Masu manyan babura na Abuja da Kaduna da Kano kuwa ba su da uzuri. Wanda ya iya sayen mashin mai inji 600 ko 1000 zai iya sayen tikitin Johannesburg ya shiga ranar da ake buɗe fili ga kowa. A can za a duba babur, a yi bayanin tutoci, a raba mutane aji-aji, sabon shiga ya bi bayan malami ya ga layi kafin a sake shi. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗanɗana wannan sukan dawo titi su rage gudu, don sun gane abin da suke wasa da shi a da.

Abin da ya rage wa titi ilimi ne dabam, kuma shi ya kamata Malam ya koyar. Ƙa'idar da 'yan sandan Ingila ke horar da mahayansu a kai ita ce kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa da shi, a hannunka, cikin nisan da idonka ya tabbatar babu komai. A rage gudu tun kafin kwana babur na miƙe, a jinkirta shiga har a hango mafita, a fita da totur a hankali, a bar wa taya rara saboda abin da ba a gani ba. Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya sa ƙararrawa ta tashe shi da asuba don ya je neman iyakar taya kusa da kwalbati, ba tsautsayi ne ya same shi ba.

Kirana ga ƙungiyoyin masu babura, da dillalan da ke sayar da su dubbai, da hukumomin wasanni na jihohi, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, shi ne su haɗa kai su ware wa matasan nan fili ko da yini ɗaya ne a wata. Abin da ake buƙata tsintsiya ne da robobi da motar asibiti. Kai kuma Malam, alƙalaminka yana da masu saurare, kuma yawancinsu ba su kai shekara 25 ba. Ka zo mu nemi filin nan tare, amma ka fara janye shawarar bayan gari tun kafin ɗan wani ya gwada ta.